Mayyar Cikin Littafi

A farkon shekarun 1980, a garin Dutsin-Ma, an yi wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari, tana kuma son karatu. Aibinta ɗaya ne: ba ta yarda a kayar da ita a musu. In ta ce abu fari ne, to gara ka yarda ka huta.

Babbar ƙawarta ita ce Roda. Iyayen Roda Kiristoci ne, aiki ya kawo su garin daga wajen Kafanchan. Maman Roda ma'aikaciyar jinya ce a asibiti. Ita ke ɗibar jinin marasa lafiya a 'yar kwalba don a auna. Wani makon da rana take aiki, wani makon da dare.

Wata rana Roda ta zo makaranta da wani littafin Turanci. Na yayanta Enoch ne, ya taho da shi daga Kaduna. Littafin ya sha hannu, bangonsa har ya fara rabuwa.

Labarin wani babban birni ne mai dogayen benaye da fitilu. A birnin akwai wasu mutane da jini ne abincinsu. Ba sa fita da rana, kuma madubi ba ya nuna fuskarsu. Akwai wasu kuma da ke rikiɗa su zama kyarkeci idan wata ya cika. Ɓangarorin biyu ba sa ga maciji da juna.

Kullum aka fita tara, sai yara su taru gindin darbejiya. Yarinyar ce ke karantawa, tana fassara musu da Hausa. Inda Turancin ya fi ƙarfinta, sai ta cike da nata.

Kowa da ra'ayinsa. Maza sun fi son masu rikiɗa, don sun iya faɗa. Roda ta ce ita tausayin wata mata take ji a labarin, mai shan jini ce amma ba ta son cutar da kowa. Yarinyar kuwa ta ce ba a taɓa rubuta littafi kamarsa ba, alhali ko rabinsa ba ta kai ba.

Akwai wata 'yar ajinsu, Ma'u, wadda ba ta cika yabon abu ba. Ran nan ta tambaya, "Wai su masu shan jinin nan, mi sunansu da Hausa?"

Yarinyar ta duba kalmar. Ba ta san Hausarta ba, kuma ba ta son ta ce ba ta sani ba.

Ta ce, "Mayu."

Roda ta ce, "A'a, ba mayu ba ne. Wannan daban ne, labari ne kawai."

Sai aka aiki Roda ta kai alli ofishin hedimasta. Tana tashi, Ma'u ta taɓe baki.

"Kun ji ko? Ni dai ra'ayina, littafin banza ne. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu irin mutanen ga a duniya."

Yaran suka yi dariya. Yarinyar ta ji kamar ita ake yi wa. Zuciya ta ɗebe ta.

Ta ce, "Wa ya ce maki babu? Ko a garin nan akwai!"

"Wace ce?"

"Wa ke barci da rana ta fita aiki da dare? Wa ke zuba jinin mutane a kwalba?"

Ma'u ta zaro ido, ta dafe ƙirji.

"Maman Roda? Maman Roda mayya ce?"

Da yarinyar ta ce wasa take yi, da shi ke nan. Amma ta ga Ma'u ta yi laushi, ta ga kowa ita yake kallo. Sai ta ɗaga kafaɗa, ta rufe littafin. Ta ci musu, ta tafi gida tana jin daɗi.

Daɗin bai kwana biyu ba.

A littafi, mai shan jini abin nishaɗi ne. A gari kuwa, kalmar mayya ba abin wasa ba ce. Ma'u ta gaya wa yayarta. Yayarta ta faɗa a bakin famfo. Daga famfo maganar ta shiga gidaje.

Yara suka daina zama benci ɗaya da Roda. In ta zo wucewa sai ƙanana su ruga suna ihu, "Kurwata kur!" Mai ƙosan bakin makaranta ta daina miƙa mata hannu da hannu, sai ta ajiye mata a kan dutse. Gindin darbejiya ya watse, ba mai zancen littafi kuma.

Roda ba ta san inda maganar ta fito ba. Ta rame, ta daina ɗaga hannu a aji. Wata rana ta tsayar da yarinyar a bayan aji, idonta jawur.

Ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki guje ni ba. Mata sun daina kawo yaransu wajen Mama. Jiya na same ta tana kuka a kicin. Ta ce za ta nemi a canja mata wurin aiki, mu bar garin nan."

"Ku bar garin?"

"I. Ni kuma a nan aka haife ni. Ban san wani gari ba." Roda ta share ido da gefen ɗankwali. "Wa ya ƙi mu haka, don Allah?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Kunya da tsoro suka rufe ta. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta wuce sumui-sumui.

Littafin yana wurinta tun ranar musun. Ta tura shi ƙasan akwatin kayanta. Ko bangonsa ba ta son gani. Abinci ma ya daina yi mata daɗi.

Inna, mahaifiyarta, ta lura. Ta ce, "Ke, lafiya kike kuwa? Kin bar tuwo, kin bar surutu."

"Lafiya lau, Inna."

"To, Allah ya sa."

Ana nan sai Gwaggo Rekiya ta zo daga Kurfi. Yayar baban yarinyar ce, kuma tana ji da ita ƙwarai. Duk hutu can yarinyar ke zuwa, ta sha fura ta ci gyaɗa. Wannan karon Gwaggo ba ta zo da fara'a ba. Ta yi fari fat, jiri na ɗibarta, da ƙyar ta sauko daga mota.

Inna ta raka ta asibiti. Ba a daɗe ba suka dawo. Gwaggo ta zube a tabarma tana haki, Inna kuwa ranta a ɓace.

Inna ta ce, "Yaya Rekiya, likita ya ce sai an auna jini kafin a san maganin da za a ba ki. Don mi za ki tashi ki fito?"

Gwaggo ta ce, "Ni in miƙa ma waccan matar mai ɗibar jini hannuna? Aradu gara in koma Kurfi in mutu a ɗakina. Ku da ke garin ba ku ji ba? Mu can kowa ya sani, har mutanen ƙauyen Ɗantutture da ke zuwa cin kasuwa."

"Mi aka sani?"

"Mayya ce! An ce ba ta fita da rana. An ce in ta duba madubi ba ta ganin kanta. Wata ma ta rantse an gan ta ta rikiɗa ta zama kare, ranar da wata ya cika."

Yarinyar tana bakin murhu tana fifita wuta. Maficin ya faɗi daga hannunta. Madubi. Wata. Rikiɗa. Duk ta san su, ita ta karanta su da bakinta a gindin darbejiya. Maganarta ta hau mota ta je Kurfi, ta yi ƙiba, ta dawo ta same ta har gida. Ga shi yanzu za ta hana Gwaggonta magani.

Ta fashe da kuka. Ta shiga ɗaki da gudu, ta zazzage akwati, ta fito da littafin. Ta durƙusa gaban tabarma.

"Gwaggo, ƙarya ce. Ni na fara ta."

Ta faɗi komai, tun daga kalmar da ba ta san Hausarta ba har zuwa musunta da Ma'u. Ta buɗe shafin madubi ta nuna. Ta nuna hoton kyarkeci a bangon littafin.

Gwaggo ta karɓi littafin, ta juya shi sama da ƙasa.

Can ta ce, "Ashe abin da ya hana ni barci a Kurfi, cikin akwatin ɗiyata yake kwance?"

Inna ba ta ɗauki bulala ba. Da ta ɗauka ma da ya fi wa yarinyar sauƙi. Kallonta kawai ta yi.

Ta ce, "Matar nan ita ta tsaya a kaina ranar da na haifi ƙanenki. Abin da za mu saka mata da shi ke nan? Ɗauko mayafinki."

Suka tafi gidan su Roda. A tsakar gida an fara ɗaure kwanoni a buhu. Maman Roda ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa. Roda na tsaye a bakin ƙofa.

Yarinyar ta sake faɗin komai, kanta a ƙasa. Wannan karon ya fi wuya, don Roda na ji.

Roda ta ce, "Ke? Ke da nake kawo wa kukana?" Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Maman Roda ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "'Yata, ni na yafe maki. Amma ba ni kaɗai kika cuta ba. Akwai yara marasa lafiya da iyayensu suka ɓoye a gida saboda tsorona. Su fa?"

"Mama, mi zan yi?"

"A gaban mutane kika faɗa. A gaban mutane za ki gyara."

Washegari da safe suka koma asibiti, Inna na riƙe da Gwaggo. Mata sun cika benci a baranda, amma ba wadda ta matsa kusa da teburin Maman Roda. Yarinyar ta tsaya a tsakiya. Ta ɗaga littafin.

"Iyayena, ku gafarce ni. Maganar da ake yi a kan Maman Roda ƙarya ce. Daga littafin nan na ɗauko ta, don in ci musu a makaranta."

Matan suka fara ƙus-ƙus. Wata ta ce, "Yarinya ce, ƙila sa ta aka yi."

Sai Gwaggo Rekiya ta miƙe da ƙyar. Ta taka har gaban teburin, ta zauna, ta naɗe hannun rigarta.

Ta ce, "Ni daga Kurfi na zo, kuma ni ma na yaɗa maganar ga da bakina. Baiwar Allah, ki yafe mani. Ga hannu, ɗebi. In kin ga da saura ma ki ƙara."

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya. Maman Roda ma ta yi murmushi, ta ɗauko allura. Kafin ta gama da Gwaggo, wata mata mai goyo ta taso ta tsaya a baya.

Ba a rana ɗaya maganar ta mutu ba. Yarinyar ta sake tsayawa gaban 'yan ajinsu ta faɗa. Da aka yi hutu ta bi Gwaggo Kurfi, suka shiga gida-gida. Awo ya nuna ƙarancin jini ne ke damun Gwaggo. Aka ba ta magani, ta murmure. Maman Roda ta kwance buhunan kwanoninta.

Roda ta daɗe ba ta kula yarinyar ba, kuma yarinyar ba ta ga laifinta ba. Sai wata rana da tara, Roda ta zo ta zauna kusa da ita a gindin darbejiya.

Ta ce, "Enoch na neman littafinsa. Mu ƙarasa shi kafin in mayar."

Suka ƙarasa shi tare, har da Ma'u. Malam Sodangi, malamin ajinsu, ya ji labari. Ya ce kowa ya tashi ya faɗi ra'ayinsa.

Roda ta ce ƙarshen bai yi mata daɗi ba, don matar da take tausayi ta bar birnin ita kaɗai. Ma'u ta ce har yanzu littafin banza ne. Aji ya yi dariya, har da yarinyar.

Malam ya dubi yarinyar. "Ke fa? Ba za ki yi musu ba?"

Ta ce, "A'a, Malam. Ni ya yi mani daɗi, ita bai yi mata ba, kuma ba komai. Na koyi cewa in ban san abu ba, in ce ban sani ba. Kuma ba zan ƙara ɓata sunan wani don in ci musu ba."

Malam Sodangi ya ce, "Madalla. Ku duka ku riƙe wannan. Kowa na da damar faɗin ra'ayinsa, amma ba wanda ke da damar yi wa mutum ƙazafi."

Da aka tashi, Roda ta sayi ƙosai a bakin makaranta. Mai ƙosan ta miƙa mata a hannu, har da gyara. Roda ta raba biyu, ta ba ƙawarta rabi.