Tagar da Katangar Jakadanci Ta Toshe

Ranar da Auta, mai zanen gine-gine, ta je duba filin da za a gina ofishin jakadanci, iska ta fizge takardar zanen daga hannunta ta jefa ƙofar gidan da ke jikin filin. Wani malamin makaranta ɗan gidan, da ake kira Dogo, ya tsince ta.

"Ranki ya daɗe, wane gida ne wannan, duk katanga?"

Ta yi dariya, kuma daga dariyar nan ba ta ƙara mallakar zuciyarta ba. Kullum sai saƙonsa ya shigo: "Zinariyata, yau na leƙa filin ban gan ki ba. Ko abinci ban iya ci ba."

Sai dai akwai abin da ta ɓoye masa. Masu ginin sun kafa sharuɗɗa: ginin ya ja baya daga titi, ƙofar masu neman biza daban da ta jakada, kuma kada tagar maƙwabci ko ɗaya ta hango harabar. Taga ɗaya ce tak take hangowa, ta ɗakin mahaifin Dogo, tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ta nan yake ganin rana da tsuntsaye, iyakar abin da ya rage masa ke nan.

Auta ta roƙi a rage tsayin katangar, aka ƙi. Ta ce a sa ƙarfe mai huji-huji, aka ce tsaro ba ya jin tausayi. Injiniyan kamfaninsu, wanda ya daɗe yana nemanta tana kaucewa, ya wanke ƙafa takanas ya je ya shaida wa tsohon cewa budurwar ɗansa ce ta zana katangar.

"Yarinyar da za ta binne ni da raina ba za ta shigo gidan nan ba," in ji tsohon.

Saƙon Dogo ya zo babu ko sallama: "Tun ranar farko kin sani?"

"Na sani, masoyina. Tsoron rasa ka ne ya rufe mini baki."

Daga nan saƙonninsa suka ɗauke. Katanga ta riƙa tashi a gaban idonta, ita ce ma mai duba ko ta miƙe. Ta rame, ta daina kwalliya, har yayarta ta gaji da lallashi. Ta tsani aikin da ta yi shekaru tana alfahari da shi.

Da aka gama, ta daure ta je gidan. Tsakar rana ce, amma ɗakin duhu kamar rijiya. Ta durƙusa.

"Baba, katangar ba za ta sauka ba. Ban zo yi maka ƙarya ba."

Ya juya kai. Ta zaro tef ta auna daga ƙasa zuwa matashinsa.

"Kabarin nawa kike aunawa?"

"Idonka nake aunawa, Baba. Ka ba ni izini in fasa bangon da ke kallon titi."

"Fasa. Me ya rage?"

Magina suka fasa taga ƙasa-ƙasa, daidai gadon. Hasken ranar safe dai ya tafi har abada, wannan ba ta iya dawo masa da shi ba. Amma ga titi, ga mutane. Wani tsohon abokinsa da ke wucewa ya tsaya cak, ya miƙo hannu ta tagar suka gaisa. Mahaifin ya fashe da kuka, Dogo ma da ke bakin ƙofa ya kasa riƙe nasa.

Mahaifin ya dubi ɗansa. "Kai, tsayuwar me kake yi? Je ka sanar da baffanka, a nema maka ita."

Ranar ɗaurin aure, ta tagar nan jama'a suka riƙa yi wa tsohon murna. Da aka kawo amarya, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta.

"Allah ya yi muku albarka, 'yata. Na yafe miki katangar."