Nauyin Da Aka Sauke Wa Hurde

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina riƙe da sikelin filin sukuwa. Aikin ba shi da yawa. Mahayi ya hau da sirdinsa a hannu, in duba allura, in faɗi lamba. In bai kai nauyin da aka yanka wa dokinsa ba, sai a cusa fallayen dalma a aljihun sirdi har ya cika. Dokar fili ke nan: dokin da ya ci yau, gobe a ƙara masa dalma, don kada ya mayar da sauran 'yan rakiya. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma lamba ba ta taɓa ruɗa ni ba sai a kan doki ɗaya.

Mai dokin, Gwani ake ce masa, kuma ya ci sunan. Kafin kowane tsere akan zaga da dawaki a wata 'yar da'ira don 'yan caca su gani. Nan Gwani yake jingina da shinge, su kuwa su yanyame shi kamar ƙuda.

"Gwani, wa ka gani?"

"Na dai ga wanda ba zai ci ba. Wancan jan, dubi kumfar gumi a cinyarsa. Ya gama tserensa tun a barga."

"To mai farin goshi fa?"

"Dokin ƙalau yake. Mahayin ne ya yi faɗa da matarsa da safe, a kan dabbar zai huce. Kafin kwanar farko ya ƙona shi da bulala."

Yana duba kunne, yana sauraron numfashi, har kashin doki yakan tsuguna ya murza. In an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, sai ya ce a bi mai faɗin kofato. In tseren mai nisa ne, ya ce a bar mai kyan ƙirji a nemi mai haƙuri. A cikin goma yakan dace da shida. Waɗanda suka bi maganarsa su tafi da aljihu cike, shi su jefa masa na goro. Wannan abu ya daɗe yana cin sa.

Da ya tara ɗan abin da ya tara sai ya sayi wani doki mai dabbare-dabbare, ana ce masa Hurde. Zuciya gare shi, baya ne babu. Da ɗan nauyi kaɗan yakan tashi kamar tsuntsu, amma da an ƙara masa dalma sai ya sare a kwanar ƙarshe. Wata rana Gwani ya same ni ina goge sikeli.

"Baba, kilo uku kawai. Ka ɗan kau da kai."

"Idona ya tsufa, amma bai mutu ba."

"To shi ke nan. Akwai wanda ke sauke abin da kai kake azawa."

Ni mutum ne mai son ganin abin al'ajabi. Na taɓa yin tafiyar kwana biyu don in ga maraƙi mai kai biyu, na tarar ya mutu. Wannan halin ne ya sa na bi Gwani, ba wani abu ba.

Da tsakar rana muka je wurin wani boka. Ɗakin bokan yana bayan inda ake jibge matattun motoci, ba taga, sai wata ɓula a rufi da rana ke tsiyayowa ta ciki. Warin tsohon fitsarin doki da ƙonannen gashi ya tare mu tun daga ƙofa. An rataye ƙoƙon kan doki da igiya, a ƙasansa ƙashin haƙarƙari ɗaya a gicciye, kowane gefe da ɗan ƙoƙo yana reto. Sikeli ne, na gane shi nan take. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne ƙasan ɗakin. Komai ya ɗan nutse: tukunya, turmi, har shi bokan. Mutum ne ramamme kamar sillen kara, amma inda yake zaune ya lotsa kamar an daɗe ana daka a wurin.

Gwani ya faɗi buƙatarsa. Boka bai ɗago ba.

"Nauyi ba ya ɓacewa," in ji shi. "Wuri yake sauyawa. In na sauke wa dokinka, wa zan aza wa?"

"Aza wa dutse. Aza wa dokin wani."

"Dutse ba ya cin ribar tsere. Wanda zai ci shi zai ɗauka. Gidanka."

"Duka nauyin?"

"Mahayi da sirdi da dalma."

Na ga leɓen Gwani yana motsi, irin yadda yake yi in yana auna doki. "Kilo sittin. Mu huɗu ne, ni da Inna da matata da 'yata Auta. Sha biyar-biyar ke nan. Tseren kuma minti biyu ne. Ai ko tulun ruwa ya fi haka."

"Kai ka yi wannan lissafi," in ji boka. "Ni ban yi ba."

"Nawa zan biya?"

"In ka ci ka kawo abin da ya sauwaƙa. Ba ni nake da tsada ba."

Ya sa Gwani ya koma ya kawo gashin wutsiyar Hurde, da fallen dalma, da ƙasar bakin ƙofar gidansa. Ya narka dalmar a ludayin ƙarfe ya tsiyaya a kan ƙasar, ta yi wata ƙara kamar mutum ya ja numfashi ta haƙora. Ya zuba ƙasar a ƙoƙo ɗaya, gashin a ɗayan. Gefen gashin ya yi sama a hankali. Ɗayan ya yi ƙasa har igiyar ta yi kuka.

A hanya na ce, "Ba ka tambaye shi yaushe ake saukewa ba."

"Baba, kai da ko sisi ba ka taɓa sa wa doki ba, me ka sani?"

Hurde ya ci. Aka ƙara masa dalma, ya sake ci. Aka ƙara, ya ci da tazarar da ta fi ta farko. Ni nake auna mahayin kafin tsere da bayansa, lamba daidai take. 'Yan caca suka rikice, don duk abin da suka sani ya tashi a banza. Ko ƙasa ta jiƙe ko ta bushe, ko tsere gajere ko dogo, Hurde ne. Likitan dabbobi ya ɗebi fitsarinsa bai sami komai ba. Wata safiya bayan ruwa na bi filin ina duba sawu. Na sauran dawaki ya nutse yatsa biyu. Na Hurde kuwa da kyar ake ganinsa, kamar na ɗan akuya.

Gwani ya ɗora bene a kan tsohon gidansa, ya sayi mota, ya daina tsugunawa gaban kashin doki. Masu jefa masa na goro suka koma cire masa hula.

Inna, mahaifiyar Gwani, ita ce ta fara. Ta ce kafaɗunta, aka ce sanyi ne. Sai ya zamana in ta yi sujada ba ta iya ɗagowa sai an kama ta. Ranar cin Hurde na biyar, daidai lokacin da ake ihu a fili, ta kifa a tsakar gida ba ta tashi ba. Tsohuwa ce busasshiya, yaro ma ya ɗauke ta. Amma mutum shida suka kama makara ta ƙi tashi. Sai da muka zama goma, muna tafe muna haki, itacen makarar yana lanƙwasa. Kowa ya sunkuyar da kai.

Da aka watse na ja shi gefe. "Ba rabawa ake yi ba, Gwani. Ɗaya ake aza wa, kuma taruwa yake yi."

"Tsufa ne, Baba. Kowa da ranarsa."

Bai tsayar da dokin ba. Matarsa ta fara tafiya a duƙe, daga nan ta koma rarrafe. Na je duba ta na tarar ta cusa ɗankwali a baki tana tauna kamar linzami, gwiwoyinta sun sale. Da ta ga mijinta sai ta tofar.

"Baban Auta, ka ce masa ya sauka haka nan. Dugadugansa sun farfasa mini haƙarƙari."

"Wa?"

"Ba ka jin suna ihu? Wai in ƙara gudu."

'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita. Asibiti uku aka kai ta ba a ga ciwo ba. Har yau tana raye, a ɗaure, ba ta miƙe ba.

A nan ne tsoro ya kama shi, muka koma wurin boka. Gwani ya zube yana roƙo a warware.

"Wanda aka aza, an aza," in ji boka. "Amma maganin sauran ba shi da wuya. Kada dokin ya ƙara gudu. Shi ke nan."

Gwani ya rantse. Auta kaɗai ta rage masa, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, mai yawan dariya, wadda wuyanta ne kawai ya fara ɗan riƙewa. Wata uku Hurde yana turke yana cin harawa.

Sai babban tseren shekara ya matso. Aka yanka wa Hurde kilo saba'in, nauyin da ba a taɓa aza wa doki ba a filin nan. 'Yan caca suka yi dariya. Suka ce dokin da ya yi wata uku a ɗaure, ga ƙiba, ga tsufa, ga dalma kamar ta masu gini, ko na ƙarshe ya zo ya gode. Duk wanda ya sa masa ɗaya zai kwashi arba'in. Na ga idon Gwani ranar da aka kafa takardar tseren, na san an gama.

Ranar tseren mahayin ya hau sikelina, na ɗaga kai na ga Gwani a bakin ƙofa.

"Ina rantsuwar?" na ce masa.

"Na yi dabara, Baba. Na kai Auta wurin gwaggonta, tafiyar yini guda. Gida aka ce, ita kuwa ba ta gidan. Ni kaɗai na rage. Ni zan ɗauka, ƙarfina ya kai."

"A bakin ƙofar gidanka ta koyi rarrafe, inda ka ɗebo wa boka ƙasa."

"Faɗi lambarka kawai."

Na faɗa. Ina iya cewa sikeli ya lalace, ina iya zama a kan sirdin in ƙi tashi. Ban yi ba, kuma wannan ba ya barina in yi barci mai daɗi.

Na bi shi bakin shinge. Ya cire hula, ya ware ƙafafu, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, ya sunkuyar da baya yana jira. Aka saki dawaki. Hurde ya fice tun a kwanar farko, ƙura ma ba ya tayarwa. Ya wuce layi sauran ba su gama kwanar ƙarshe ba. Fili ya ɗauki ihu, waɗanda suka yi asara suna yaga takardunsu. Gwani yana nan a sunkuye. Can ya miƙe a hankali, ya motsa kafaɗa ɗaya, ya motsa ɗayar. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta yi fari kamar toka.

"Baba," ya ce, "ban ji komai ba."

Kafin la'asar saƙo ya iso ta waya. Auta tana tsalle-tsalle da 'yan'uwanta a tsakar gida ta faɗi rub da ciki, ba ta sake numfashi ba. Gwaggon ta ce da aka ɗaga ta, siffar jikinta ta fito a ƙasa.

Gwani bai je karɓar abin da ya ci ba. Hurde ya kwanta a turke bayan kwana biyu bai tashi ba. Benen ya tsage daga sama har ƙasa, ba mai haya, ba mai saye. Gwani kuwa yana kasuwa yanzu, ba riga, yana bin masu kaya yana roƙo su aza masa. Buhu biyu, buhu uku, ba ya karɓar lada. In ƙafafunsa sun fara rawa, 'yan dako su ce ya isa, sai ya ce, "Ƙara. Ba su kai nata ba."

Ku da kuke jingina da shinge kuna neman wanda zai ci, ku ji daga bakin tsoho. Ku duba kunne, ku duba gumi, ku duba ƙasa, in ma kun bar cacar gaba ɗaya ya fi muku. Amma duk wanda ya ce zai sauke muku wahalar neman arziki, ku tambaye shi bayan wa zai aza wa. Mai kwaɗayi kullum yana zaton nasa bayan ya jinginar. Ba a fara karɓa daga kansa. Daga waɗanda ke jiran dawowarsa gida ake farawa, shi kuma a bar shi da rai ya gani.