Hatimin Malam Albarka

A Dodoru, mai kula da rumbun masallaci yakan toshe bakin rumbun da laka, ya danna hatiminsa na tagulla. Ba mai buɗewa sai mai sunan da ke jikin lakar. Da Malam Albarka mai kula da rumbun ya rasu, maƙeri ya raba hatiminsa biyu, aka jefa shi rijiya, aka danƙa mini amanar geron marayu.

Ranar da na fara toshe rumbun, almuru ta riske ni ni kaɗai a bayan gari. Gyare ya yi shiru. Sai na ji sallama a bayana, ban kuwa ji takun kowa a kan karmami ba.

"Yaro, lakarka ta cika ruwa. Hatimi ba shi zama."

"Baba, duhu ya yi, gida nika so."

"Gida ba ya gudu. Matsa in gani."

Na matsa. Rigarsa ta goge ni, jiƙe sharkaf, tana warin gansakuka. Ya daɗe yana shafa lakar kamar mai lallashin jinjiri.

"Amana ba a yi mata gaggawa," ya ce a hankali. "Kai ba ka iya ba tukuna."

Na kunna acibalbal. Babu kowa, sai ruwa a inda ya tsaya. Nawa hatimin yana hannuna, ban danna ba.

Amma ga suna a jikin lakar: Albarka. Tsaga ta ratsa tsakiyarsa, daidai inda maƙeri ya sara.