Amir Biyu a Shagon Babura

"Kowa ya kwanta!"

Dogo ne ya daka tsawar, ya banke ƙofar shagon babura da ƙafa. Rana tsaka ce. Masu ciniki suka zube ƙasa. Alhaji mai shagon ya shige ƙarƙashin tebur, tumbinsa a waje.

"A'a! Kowa ya tashi ya fuskanci bango!" in ji Mai Carbi, da ya shigo bayansa yana haki.

Mutane suka miƙe.

"Na ce a kwanta!"

Suka kwanta.

Alhaji ya leƙo. "Ranku ya daɗe, don Allah ku daidaita. Ni ina da ciwon gwiwa."

Rigimar daga daji ta taso. Ƙungiyarsu tana kiran kanta ta masu jihadi, amma aikinta tare hanya da fasa shaguna. Makon jiya amir ɗinsu ya mutu. Ba harsashi ba ne, maciji ne ya sare shi yana tsugune bayan bukka. Bai bar wasiyya ba. Dogo ya ce shi ne magaji, tunda makamai a hannunsa suke. Mai Carbi ya ce shi ke jan salla, kuma ƙanwar marigayin yake aure. Da mayaƙa suka gaji da cacar baki, sai suka yanke: a fita aiki tare, wanda ya dawo da ganima shi za a yi wa mubaya'a.

Da safiyar ranar fashin, Sufeto yana shan shayi a ofishin 'yan sanda, Kofur ya shigo yana danne dariya.

"Yallaɓai, an sake bugowa."

"Mutumin ɗazu?"

"Wani daban. Na farko ya ce wani mai gemu da carbi zai fasa shagon babura, mu jira shi a ƙofar baya. Wannan kuma ya ce wani dogon mugu ne, mu tsare ƙofar gaba."

Sufeto ya ajiye kofi. "Allah ya yi musu albarka. Raba yaranmu biyu."

A shago kuwa aiki ya cakuɗe. Mayaƙa suna tura babura zuwa babbar motar da Direba ya tsayar a titi, wannan ya ce a loda ja, wancan ya ce baƙi. Dogo ya dubi agogo.

"Malam, kai ka bi ta baya ka duba mana hanya."

"Ai dama can na nufa," in ji Mai Carbi da murmushi. "Kai ka riƙe gaba, ɗan'uwa."

Kowannensu ya juya, yana jin ya gama da ɗan'uwansa.

Jiniya!

"An yi mana cinne, mu fece!" Direba ya taka mota, babura biyu suka gangaro titi, mayaƙa suna ɗafe da ƙarfen baya. Dogo ya fito a guje, ya ga hayaƙi kawai. Ya ɗaga bindiga — tau! Harsashin ya sami maigadin shagon a cinya. Kafin ya sake, Kofur ya kai shi ƙasa.

A baya, Mai Carbi ya buɗe ƙofa ya faɗa hannun Sufeto.

"Yallaɓai, kuskure ne! Ni ne na bugo muku!"

"Sannu da ƙoƙari. Na farko ko na biyu?"



Ankwa ɗaya aka haɗa su da ita a bayan mota. Dogo ya daɗe yana kallon surukin marigayi.

"Kai ma?"

"Kai ma?"

Direba bai koma daji ba. Ya sauke mayaƙan a bakin wata gada wai zai sha mai, ya sayar da motar da baburan da makaman da ke ciki, ya ɓace. Waɗanda aka bari suka watse, wasu suka miƙa wuya da ƙafarsu. Maigadi ya rayu, amma da sanda yake tafiya yanzu, Alhaji ya mai da shi cikin shago ya ba shi kujera.

A kurkuku, gandiroba ya tura Dogo da Mai Carbi ɗaki ɗaya.

"Kowane ɗaki da shugabansa," ya ce. "Shi ke fitar da bokitin bahaya kullum da safe. Waye a cikinku?"

Dogo ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Malam ne. Ya fi ni ilimi."