Takarda Mai Lamba Talatin da Bakwai

Ƙarfe shida da rabi na safe wani direban tasi ya tsaya a rumfar mai faci don a ƙara wa tayarsa iska. Ya danna oda sau uku, shiru. Da ya sauka ya leƙa bayan injin iska sai ya ga ƙafar mutum. Mai facin ne kwance cikin tayoyi, kansa a fashe, hannunsa na dama an farfasa shi da ƙarfen cire taya. Yana numfashi, amma da ƙyar.

Kafin Sufeton 'yan sandan yankin ta iso an wuce da shi asibiti. Direban ya ja ta gefe, ya miƙa mata wata takarda a dunƙule, jiƙe da jini da yawu.

"A bakinsa na ciro ta, ranki ya daɗe. Cusa masa aka yi."

Tana warware ta ta gane ta. Takardarta ce.

Mako uku da suka wuce ita ce ta tara mutanen unguwa a zauren makarantar firamare. An ƙwace babura goma sha ɗaya cikin wata biyu, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce shi bai ga komai ba. Ta ce to, ga akwati za a kafa a barandar ɗakin shan magani, inda kowa ke shiga ba a tambaye shi dalili ba. Ga takardu. Ka rubuta abin da ka gani, kada ka sa suna. Ta dafa ƙirji a gaban mutum sama da ɗari ta ce ko ita kanta ba za ta san wanda ya rubuta ba.

Ga ɗaya daga cikin takardun a hannunta. An yi rubutun da manyan baƙaƙe, a karkace da gangan: BABURAN DA AKE ƘWACEWA SUNA SHIGA FILIN BAYAN GIDAN BULO. BA SA FITOWA. Ba suna, ba sa hannu. Amma wani ya buɗe akwatin, ya karanta, ya kuma san ƙofar da zai nufa. Kuma Allah kaɗai ya san mutum nawa suka jefa tasu a wannan makon.

Makullin akwatin biyu ne, ɗaya a wurinta, ɗaya a wurin Saje Dogo. Shekara tara suna aiki tare, amma suna shiga mota ta juyo ta dube shi.

"Ina makullinka?"

Ya ciro shi daga wuyansa, a jikin igiya. "Haba, ranki ya daɗe. Ni?"

"Kowa, Dogo. Yau har kaina ban yarda da shi ba. Ja mota."

A ɗakin shan magani akwatin na nan a bango, kwaɗonsa a kulle. Ta buɗe, wayam. Bangon kuwa yana ta ƙamshin sabon fenti. Ta duƙa ta duba ƙusoshi huɗun da suka riƙe akwatin, ta ga kawunansu sun sha sabon karce. Ta karɓi sukudireba ta kwance su. Akwatin ya taho hannunta sakayau, sai ga bango tsirara. Ashe ba shi da baya! Katako ne ta gaba da gefe, bangon ne murfinsa.

"Mai makulli ba ya wahalar kwance ƙusa," ta ce ba tare da ta dubi Saje ba. "Ka yi haƙuri."

"Ya wuce," in ji shi, amma muryarsa ba ta ce ya wuce ba.

Maigadin wurin tsoho ne, yana tsaye a gefe.

"Baba, wa ya taɓa akwatin nan?"

"Masu fenti ne, 'yata. Jiya da rana. Duk abin da ke bango sun sauke shi, suka gama suka mayar."

"Wa ya turo su?"

"Sun ce 'yan kwamitin tsaro na unguwa."

"Wane daga ciki? Su goma sha biyu ne."

"Wallahi ban tambaya ba. Wanda ya zo yi maka fenti kyauta kake tambaya?"

"Ka taɓa ganin mai faci ya jefa takarda?"

"Layin karɓar kati ta nan yake bi. Kowa sai ya goga jikinsa da akwatin. Ni in ma na gani, me zan gane?"

Ta miƙa masa katin aikinta a juye, ƙasa a sama. Ya ƙura masa ido, ya yaba hoton, ya mayar mata bai juya shi ba. Ashe bai iya karatu ba, sai ta sallame shi. Ko da tsohon ya kwana yana kallon akwatin, ba zai iya cewa wannan takarda ta wane ce ba. Ita kuma tambayar da ke cin ranta ke nan.

A ofis ta shimfiɗa takardar a tebur, ta ɗauko ragowar waɗanda ba a raba ba ta ajiye a gefe. Ta duba gaba, ta duba baya, ta ɗaga wa haske. Sai a kusurwar ƙasa ta ga wata 'yar lamba da jan tawada, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero: 37. Mai buga takardun rasit yake bugawa kullum, injinsa ya saba sa lamba, ba wanda ya ce masa kada ya sa. Ragowar da ke gabanta sun fara daga 113.

Ta buɗe durowa ta ciro takardar sunayen mahalarta taro. Ta ƙare a layi na 112. Ta bi da yatsa zuwa na 37. Mai faci, bakin mahaɗa.

Innalillahi! Dokarta ce. Ita ta ce kada wani ya kwashi goma ya cika akwatin da sharrin maƙwabta, don haka kowa ya ba da suna a bakin ƙofa a ba shi ɗaya. Har tana jin daɗin dabararta. Ashe da hannunta ta liƙa wa kowace takarda sunan mai ita.

Mutum biyu ne suka zauna a teburin bakin ƙofa ranar taron, duk 'yan kwamiti. Shugabar makaranta tana yago takardu, Malam Sakatare yana rubuta sunaye. Ta sake bin layukan, sai ta ga na 58 babu suna, an ja masa sanda kawai. Ta juya takardar, ta ga bayanta ya yi shuɗi-shuɗi. An sa kabon an yi kwafi.

Ta tarar da Shugabar makaranta a ofishinta tana duba rajista.

"Malama, ranar taro, me ya faru da mutum na hamsin da takwas?"

"Na nawa? Ni ina na san lamba? Yagowa kawai nake ina miƙawa."

"Babu wadda ta lalace?"

Ta rufe rajistar. "Akwai. Ɗaya ta yage biyu, na dunƙule na jefar, na ba matar ta gaba."

"Sakatare ya ce wani abu?"

"Ya ce in dakata. Ya ɗauko ta daga ƙasa ya duba, sannan ya ce mu ci gaba. Har na yi masa tsiya na ce wannan tsantseni sai ka ce rabon gado."

"Wa ya sa aka yi akwatin? Wa ya kafa shi?"

"Shi ne mana. Ba ke kika sa aka tafa masa ba?"

Ita ce kuwa. Tana fitowa baranda wayarta ta yi ƙara. Inna ungozoma ce, tsohuwar da rabin yaran makarantar nan a hannunta suka faɗo.

"'Yata, motar da kika turo ta iso. In ɗauki kaya na kwana nawa?"

Sufeto ta tsaya cak. "Wace mota, Inna?"

"Sakatare ya bugo ya ce kin ce a ɓoye waɗanda suka rubuta, saboda abin da ya sami mai faci."

"Kin faɗa masa kin rubuta?"

"Ni? Ko malam da muke ɗaki ɗaya bai sani ba."

"Inna, ki saurare ni. Ban turo kowa ba. Ina suke?"

"Suna ƙofar gida. Su biyu ne." Muryarta ta canza. "Ɗayan ya fara taɓa ƙyauren."

"Ki sa sakata. Ki ce kina banɗaki, ki ce kina neman maganinki, ki faɗi duk abin da ya zo bakinki. Kada ki kashe wayar nan."

Ta faɗa mota tana cewa Dogo ya taka. Ya kai hannu zai kunna jiniya ta buge hannun. In suka ji jiniya, ko su gudu ko su ɓalle ƙofar, kuma ba ta san wanne za su zaɓa ba. A mahaɗa wata tirela ta gitta tana juyawa a hankali kamar ba ta da wurin zuwa. Ta wayar tana jin bugun ƙofa, tana jin tsohuwa na cewa, "Ku yi haƙuri 'ya'yana, ƙafar ce ba ta da ƙwari." Bugun ya ƙaru. Wani ya ce, "Inna, buɗe mana, ba mu da lokaci." Sai ƙarar ƙarfe a jikin katako.

"Hau gefen kwata," in ji Sufeto.

Dogo ya hau. Madubin gefe ya tafi da bangon wani shago. Suka shiga layin ta baya, ya gicciye motar a bakin lungu. Ɗayan yana riƙe da ƙarfen cire taya, ya riga ya tsaga rabin ƙyauren. Ya ga kaki ya yar da ƙarfen ya ɗaga hannu. Ɗayan ya kama katanga zai haura, Dogo ya janyo shi ta ƙafa, tsayinsa ya yi rana. Sufeto ta kama hannun na farkon ta juya. Farin fenti ne a ƙarƙashin faratansa.

Ba ta je neman Sakatare ba. Shi ya kawo kansa ofis da azahar, da jakarsa a hammata, ya zo jaje.

"Ranki ya daɗe, abin nan ya girgiza mu. Kwamiti na bayanki. Akwai wanda ake zargi?"

"Zauna, Malam. Wa ya kamata ya kasance a layi na hamsin da takwas?"

Ta tura masa takardar sunayen. Ya duba, ya yi murmushi. "Kuskuren alƙalami ne."

"Mai rubuta sunaye ba ya tsallake layi don takarda ta yage. Ina ruwansa da takarda? Sai dai in yana so lambar layi ta ci gaba da tafiya daidai da lambar takarda. Ni ban ga lambobin nan ba sai yau. Kai ka gan su tun ranar."

"Wannan zato ne."

"Kai ka sa kafinta ya yi akwati ba baya. Kai ka turo masu fenti. Suna ɗakin can, sun fara rige-rigen magana. Filin bayan gidan bulo na ƙanin matarka ne, yanzu haka ana fito da gangar jikin babura daga ciki. Sannan ka bugo wa Inna ka ce za a ɓoye ta. Wa ya gaya maka ta rubuta, alhali mijinta ma bai sani ba?"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya matse jakar. Dogo ya zare ta daga hammatarsa ba tare da ya nemi izini ba. A ciki akwai kwafin sunayen, an kewaye guda huɗu da biro. Na mai faci an soke shi.

"Ni ban taɓa kowa da hannuna ba," ya ce.

"Na sani. Kai rubutu kake yi."

Ta tura motoci gidajen sauran biyun tun kafin a gama sa masa ankwa.

Da la'asar ta je asibiti. Matar mai faci ta tare ta a ƙofar ɗaki, da goyo a bayanta, idanunta sun kumbura.

"An ce kin kama shi. Sannu da ƙoƙari. Likita ya ce zai tashi, amma hannun ya tafi. Da wanne zai yi facin?" Ba ta ɗaga murya ba. "Na ce masa kada ya rubuta. Ya ce ai Sufeto ta rantse."

"Na rantse," in ji Sufeto. "Laifina ne, ba na kowa ba. Haka zan rubuta a rahoto, haka zan faɗa a gaban unguwa."

Matar ta shige ta rufe ƙofa. Sufeto ta juya ta fita cike da kunya da baƙin ciki.

Da ta koma ofis ta tarar da Inna ungozoma zaune a kan benci, ta ƙi tafiya gida.

"Inna, za mu kai ki wurin 'yarki har a gama shari'a. Ba sai kin fito ba. Abin da muka samu zai iya isa."

"Zai iya, ko ya isa?"

Inna ba ta jira amsa ba.

"Ni na ɗinke wa ƙanin matar Sakatare hannu ranar da aka sari mai babur na ƙarshe. Na ga rigarsa, na ji abin da suke faɗa a zaurena. Na ɓoye sunana, suka zo har ƙofata da ƙarfe." Ta gyara mayafinta, ta jawo kujera kusa da tebur. "Ɗauko biro, 'yata. Rubuta sunana, da na ubana, da lambar gidana. In an je gaban alƙali a fara kirana."