Rungumar Suruki a Rijiyar Sanyi

Rigar Ɗumau tana ta aiki, koriyar fitilarta na ƙyaftawa a ƙirjin Injiniya Lurwanu. Siririya ce kamar ɓawon albasa, zaren lantarki ne a cikinta ke gasa jiki. Shi ya ƙera ta domin masu nutso a Rijiyar Sanyi, tafkin ƙarƙashin ƙasa mai sanyaya injunan da ke tafiyar da Sabuwar Yawuri.

Jatau, uban matarsa, ya ce a kai kasuwa. Shekara arba'in yana nutso, bai taɓa zama a aji ba, amma ruwa ya san sunansa. Tsohuwar rigarsa ta roba mai kauri ya sa, wadda matasa ke kira katifa.

Suna cikin gyaran bututu su biyu sai wutar rijiya ta ɗauke, murfin ƙarfe ya rufe a kansu, Ɗumau ta mutu. Ruwa iya wuya, bango sumul. Masu ceto suka ce ta rediyo sai bayan awa uku.

To, ruwa ɓarawon zafi ne, ya fi iska saurin hannu nesa ba kusa ba. Robar katifa cike take da ƙananan kumfan iska, su ke tare zafin jiki. Rigar da ba ta da kauri kuwa, in wutarta ta mutu, tsirara kake.

Lurwanu ya fara iyo don ya ji ɗumi.

"Tsaya cak, Injiniya," in ji Jatau. "Kana motsi, ruwa na kwasa. Matso, ƙirji da ƙirji."

"Haba Baba, ina ni ina..." Haƙoransa na kaɗawa. Shekara tara da aure, ko ruwa bai taɓa sha a gaban Jatau ba.

"Kunyarka zan kai wa 'yata Ladidi ta yi takaba da ita?"

Bai matso ba. Jatau ya fizgo shi, ya cire hularsa ta roba da safar hannunsa ya sa masa, ya ƙanƙame shi. In ya ji kan Lurwanu ya langaɓe sai ya buga masa goshi.

"Ba barci. Lissafo min digirorin naka."

Da rai aka fito da Lurwanu. Yatsu uku Jatau ya bar wa likita.

Hukumar birni ta yi bincike, ta ce laifin jikin mutum ne, saurin sanyi gare shi. Ta sallami masu nutso kaf, ta kawo mutum-mutumi masu inji a madadinsu.

"Su nutsa mana," in ji Jatau. "Ranar da murfi ya sake rufewa, ma ga wanda zai rungumi wani."