Ƙararrawar Injin Ghali

Laure tana tuƙa tuwo a gidansu na unguwar Gataa El Oued, ana gab da kiran magariba, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo. Na uku ya sauka gabanta, ta taɓa shi, zafi kamar daga murhu aka ciro shi. Ta leƙa waje. Ba kowa.

Kwana bakwai ana jifa. A na takwas 'yarta Kubura ta daina magana, hannunta na dama ya yi bororo, alhali ba ta je kusa da wuta ba. Laure ba ta yi kuka ba. Tana shara, tana salla, kamar jikin aro take ciki.

Mijinta Ghali gadi yake yi a wani kamfani mai babban injin lantarki. Akwai na'ura a buro, wato ofis, mai lura da zafin injin. In ruwan sanyaya shi ya tafasa, ƙararrawa ta yi kuka, Ghali ya je bakin magudana, ya yi bismilla da ƙarfi yadda aka koya masa a Damagaram, sannan ya buɗe wa ruwan zafin hanya. Kukan ya ishi injiniya, ya saita na'urar: ƙararrawa ta daina kuka, ruwan ya riƙa zuba shi kaɗai.

Aka ɗauko Malam Illo daga unguwar Sersouf. Ya daɗe yana karatu a kan yarinyar kafin bakinta ya buɗe, da muryar babbar mace.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"A bakin magudana nake. Shekara huɗu ina jin ƙararrawa, in ji bismillar mutumin nan, in kwashe 'ya'yana. Ran nan ban ji komai ba. Ruwa ya sauko kan hannun autana."

"Wallahi ba ni na kashe ƙararrawar ba," in ji Ghali.

"Ka ji shirun, ka ce ka huta."

Ghali ya sunkuyar da kai.

"Ki ji tsoron Allah," in ji malam. "Yarinya ba ta zuba miki ruwa ba."

"Hannu da hannu, malam."

Sai Laure ta yi magana daga bakin ƙofa, murya ba rai. "Baiwar Allah, yaya jikin nasa?"



"Ke kaɗai kika tambaya," muryar ta ce. "Da sauƙi." Can ta ƙara, "Mijinki ya zama ƙararrawar. Kullum ya duba zafin da idonsa, ya kira mu kafin ruwa."

Ghali ya ɗauki alkawari. Kubura ta yi atishawa uku, ta buɗe ido.

Laure ta kama hannun, ta mintsini yatsun ɗaya bayan ɗaya. A uku yarinyar ta ce wayyo. A biyun ƙarshe kallon uwarta kawai take yi, kamar ba a taɓa ta ba.

"Inna, kin gama?"

"Na gama," in ji Laure. "Alhamdu lillahi."